Hoto Ba Murya: Daga Majigi Zuwa Kwafin Faifai a Kwamfuta

Garin Wudil yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi gabas, a bakin kogin da ake kira da sunan garin. An daɗe da saninsa da kasuwar Juma'a da karar shanu, amma tun da aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha a 2001, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, ya zama garin ɗalibai da kwamfutocin tafi-da-gidanka. A Sabon Gari da sauran unguwanninsa, kamar a yawancin garuruwan ƙasar Hausa, shagon cajin waya shi ne shagon tura fim, kuma ƙorafin masu kallo bai cika wuce uku ba: fim ya ƙi buɗewa, ko hoto yana tafiya garau amma babu murya, ko kuwa baki ya motsa tun tuni sai daga baya magana ta biyo.

Akan ɗora laifin a kan kwamfuta ko a kan mai turawa. Amma ruwa ba ya tsami banza. Hoto da murya a harkar fim abubuwa ne guda biyu da ake ɗauka daban, a adana daban, sannan a haɗa su a lokacin kallo, kuma kowane zamani ya zo da irin tasa igiyar da yake ɗaure su da ita. Matsalar da ɗalibi yake fuskanta yau da fayil mai gigabayit 40 jikanyar wadda mai majigi da mai buga kaset suka sha fama da ita ce. Sanin wannan tarihi yana taimaka wa mai neman gyara, sannan yana nuna abin da ake gab da rasawa daga finafinan Hausa da suka rage a kan faifai.

Muryar da ke gefen allo

Hausawa da yawa sun fara ganin hoto mai motsi ne ta hanyar majigi. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa sashen shirya finafinai na ƙasashen da take mulka a 1939, motocin majigi kuma suka riƙa zagaya garuruwa da ƙauyuka suna nuna finafinan tsafta da noma a filin Allah, sau da yawa a ƙofar fadar hakimi. Hoton yakan zo daga nesa, amma muryar ta gida ce: akwai mai sharhi da yake tsaye da abin magana yana bayyana wa jama'a da Hausa abin da suke gani. Idan ya yi jinkiri ko ya yi gaggawa, sai hoto da bayani su saɓa. Idan lasifika ta mutu, kallo ya zama na kurame.

A gidajen silima na kasuwa, waɗanda suka fara a Kano da Rex a 1937, sauti yana kan zaren fim ɗin kansa, a wani siririn layi da ke gefen hotuna. Ko a nan ma ba a jere suke kafaɗa da kafaɗa ba. A zaren milimita 35, sautin kowane hoto yana gabansa da kimanin hotuna 20, domin wurin da na'ura take karanta sauti daban yake da wurin da take haska hoto. Idan mai aiki ya zura zaren ba daidai ba, magana ta kauce wa baki. Daga shekarun 1950 kuma 'yan kasuwa 'yan Lebanon suka riƙa kawo finafinan Indiya, waɗanda jama'a suka rungume su ba tare da jin harshen ba. Waƙoƙin ne suka fi zama a kunne, har aka riƙa juya karinsu zuwa Hausa. Tun daga nan mai kallo Bahaushe ya zama mai sauraro kafin komai.

Ƙofar Wambai da zamanin kaset

Kamfanin JVC na Japan ya fito da kaset ɗin bidiyo na VHS a 1976, shekara guda bayan Sony ya fito da Betamax, kuma VHS ne ya yi rinjaye a kasuwa. A Kano, kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar buga kaset da rarraba shi zuwa Arewa baki ɗaya da ƙasashen maƙwabta. Akan samo kwafi guda na fim ɗin Indiya ko na Amurka daga ƙasashen Larabawa da sauran wurare, a jona na'urori da yawa, a yi ta bugawa dare da rana.

Kaset yana da halin da faifai ba shi da shi: duk kwafin da aka yi daga kwafi sai ya rage. Launi ya dusashe, hoto ya yi rawa, sauti ya cika da huci. A kaset na gama-gari, sautin yana kan wani layi ne mai faɗin kusan milimita ɗaya a gefen zare, wurin da ya fi saurin lanƙwashewa da kama ƙura. Masanin nan Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya rubuta maƙala a 2004 a kan wannan batu, inda ya nuna cewa dusasshen hoto da gurɓataccen sauti sun zama yanayin da mai kallo ya saba da shi, har ya ɗauka haka fim yake.

Akwai kuma saɓanin tsarin talabijin. Najeriya tana bin PAL, mai layuka 625 da hotuna 25 a daƙiƙa. Amurka a lokacin tana bin NTSC, mai layuka 525 da hotuna kusan 30. Jamhuriyar Nijar kuwa ta gaji SECAM daga Faransa. Kaset ɗin da aka yi domin wani tsari yakan fito fari da baƙi, ko ya yi ta birgima, a na'urar wani tsarin. Dalilin da ya sa 'yan kasuwa suka fi son na'urorin da ke karɓar kowane tsari ke nan. Wannan bambanci na adadin hotuna a daƙiƙa bai mutu tare da kaset ba, za a sake gamuwa da shi a gaba.

A kan wannan hanya ta kasuwanci fim ɗin Hausa ya hau. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da *Turmin Danya*, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da aka yi domin sayarwa. Tsarin da ya kafu daga baya shi ne, mai fim ya buga kwalin kaset ya sayar wa dillalai, su kuma su buga fim ɗin a kan kaset ɗinsu daga kwafin da ya ba su. Ingancin abin da ya isa gidan mai kallo a Wudil ko Gaya ya dogara ke nan da lafiyar na'urar dillali. Zuwa 1999, shekarar da mujallar *Tauraruwa* ta raɗa wa masana'antar suna Kannywood, mujallar *Fim* kuma ta fara fitowa, waƙa ta zama jarin fim. Nasarar *Sangaya* a wannan shekara ta tabbatar da cewa waƙar da aka haɗa da fiyanon Yamaha a situdiyo tana iya sayar da fim tun kafin a san labarinsa. Ana ɗaukar waƙar ne daban da muryoyin mawaƙa, 'yan wasa kuma su bi da baki a gaban kyamara. Daidaita baki da murya ya zama sana'a mai zaman kanta.

Faifai ya zo da makulli

Faifan bidiyo na VCD ya samu ƙa'idarsa a 1993, daga kamfanonin Philips da Sony da JVC da Matsushita. Bai yi kasuwa a Turai da Amurka ba, amma ya mamaye Asiya, kuma na'urorinsa masu arha daga Sin suka cika kasuwannin Najeriya a shekarun 2000. Hotonsa yana da ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye, kuma faifai ɗaya ba ya ɗaukar fiye da minti 74 zuwa 80, abin da ya dace da al'adar raba fim kashi na ɗaya da na biyu. Alherinsa shi ne kwafi ba ya rage inganci, domin lambobi ake kwafa. Sharrinsa kuwa, idan ya karce ba ya dusashewa a hankali kamar kaset: hoto ya farfashe murabba'i-murabba'i, murya ta yi shaƙuwa, fim ya tsaya cak.

DVD ya fara fita a Japan a 1996. Yana ɗaukar gigabayit 4.7, ko 8.5 idan mai hawa biyu ne, hotonsa kuma ɗigo 720 ne sau 576 a tsarin PAL. Shi ne ya kawo wa gidaje abubuwa biyu da har yau suke haddasa ƙorafi. Na farko, makulli. Kamfanonin fim na Amurka sun raba duniya shiyya shida, aka sa Najeriya a ta 5 tare da Indiya da Rasha, domin faifan wata shiyya ya ƙi aiki a na'urar wata. Aka kuma kulle abin da ke ciki da wani tsari mai suna CSS, wanda aka karya a 1999, har aka gurfanar da wani matashi ɗan Norwe, Jon Johansen, kotu kuma ta wanke shi a 2003. Na biyu, sauti mai lasisi. Yawancin faifan DVD suna ɗauke da sautin Dolby Digital, wasu da DTS, kuma a lokacin duk mai ƙera na'ura ko manhajar da za ta warware su sai ya biya kuɗi.

A nan ya kamata a tsaya a bambance abubuwa biyu. Fayil ɗin fim tamkar akushi ne. Sunan da ke ƙarshensa, ko MP4 ko MKV ko VOB, sunan akushin ne kawai. A cikinsa akwai tuwo, wato hoto, akwai miya, wato sauti, kuma kowanne tukunyarsa daban. Ana matse kowanne da wani tsari da ake kira kodek, sai manhajar da ta san tsarin za ta iya warware shi. Manhaja tana iya buɗe akushin, ta san tsarin hoton, amma ta jahilci tsarin sautin. Sakamakon shi ne hoto ba murya, alhali fayil lafiyarsa ƙalau, lasifika ma haka.

Faifan da bai zo ba, amma inuwarsa ta iso

A 2006 aka fitar da Blu-ray, aka yi gasa tsakaninsa da HD DVD na Toshiba, har Toshiba ya janye a watan Fabrairun 2008. Hasken lezarsa ya fi na DVD siranta, tsawon zangonsa nanomita 405 maimakon 650, saboda haka yake ɗaukar gigabayit 25 a hawa ɗaya, 50 a hawa biyu. Hotonsa ɗigo 1920 ne sau 1080, wato sama da ɗigo miliyan biyu, kusan ninki 20 na VCD.

Blu-ray bai kafu a kasuwar fim ɗin Hausa ba. Na'urarsa da faifansa sun yi tsada, sannan lokacin da ya fito wata hanya ta riga ta buɗe. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, katin memori ya yi arha, masu tura fim suka bazu daga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano har zuwa ƙananan garuruwa. Da kuɗin da bai kai na faifai ɗaya ba, mutum ya cika wayarsa da finafinai. Kasuwar faifai ta durƙushe a shekarun 2010, masu shirya fim da yawa suka yi asara, masana'antar kuma ta koma talabijin da intanet: Arewa24 ta fara a 2014, Northflix a 2019, sannan finafinai masu dogon zango irin su *Izzar So* suka mamaye YouTube daga 2020.

To amma abin da ke cikin Blu-ray ya iso ta wata ƙofa, wato a matsayin cikakken kwafin faifai. Wannan fayil ne guda da ya kwashe faifai sukutum, da jerin foldojinsa da allon zaɓinsa da dukkan layukan sautinsa, ba fim ɗin kaɗai ba. An fi saninsa da ISO, daga ƙa'idar ISO 9660 ta 1988 wadda ta tsara yadda ake jera bayanai a faifan CD, ko da yake Blu-ray yana amfani da wata sabuwar ƙa'ida ce, UDF 2.50, wadda Windows XP bai san ta ba sai an ƙara masa manhaja. Kwamfuta ba ta kallon irin wannan fayil a matsayin fim. Sai an ɗora shi, ta ɗauke shi tamkar an zura mata faifai, abin da Windows ya fara yi da kansa daga Windows 8 a 2012. Abin mamaki, a wannan fitowar ce kuma Microsoft ya cire damar kunna DVD daga cikin tsarin, saboda kuɗin lasisi. An ba mutum mabuɗin ɗaki, an ɗauke fitila.

Ko an ɗora kwafin, sauran rina a kaba. A ciki akwai folda mai suna BDMV, fim ɗin kuma sau da yawa a yanke yake gunduwa-gunduwa, sai wani ƙaramin fayil na jeri ya faɗi wace ke bin wace. Wanda ya buɗe gunduwa ɗaya kai tsaye yana iya samun rabin fim, ko talla, ko fim da harshen da bai zaɓa ba. Idan makullin AACS yana nan, manhajar kyauta ba za ta buɗe shi da kanta ba. Girmansa ma matsala ne: filashin da aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabayit 4, kwafin da ya yanke a hanya kuma yakan buɗe ya tsaya a tsakiya. Tsohuwar kwamfuta kuwa takan gaza warware hoton da sauri, sai ta riƙa tsallake hotuna, murya ta wuce ta bar su.

Inda murya take ɓacewa

Ɓacewar murya iri-iri ce, kuma kowace tana nuna inda cutar take.

Idan shiru ne ɗungurungum, alhali sauran finafinai suna magana, mafi yawa tsarin sautin ne manhajar ba ta sani ba. Blu-ray yana zuwa da Dolby TrueHD ko DTS-HD, waɗanda suka fi na DVD nauyi. Masu wayar Android sun ɗanɗana wannan a 2014, lokacin da manhajar MX Player ta cire AC-3 da DTS saboda lasisi. Masu kwamfuta sun sake ɗanɗanawa a 2024, da Microsoft ya daina sa AC-3 a sabon Windows 11. Maganin da ya fi yaɗuwa ya fito ne daga Faransa: manhajar VLC, wadda ɗalibai suka fara a wata makarantar injiniya ta Paris a 1996 aka kuma sake ta kyauta a 2001, tana tafe da masu warware sautinta a cikinta, yawancinsu daga aikin FFmpeg da Fabrice Bellard ya fara a 2000. Wani lokaci kuma saiti ne: an umarci kwamfuta ta miƙa sautin ɗanye ta wayar HDMI zuwa talabijin ɗin da ba ta iya warware shi, ko kuma an cire wayar amma kwamfuta tana ci gaba da aika sauti can.

Idan ana jin kiɗa da ƙarar mota da harbin bindiga amma magana ta yi ƙasa ko ta ɓace, to rabon kafofi ne. Sautin silima kafa shida ne ko takwas: hagu, dama, tsakiya, na kewaye, da ta gurnani. Kusan dukkan zance yana kafar tsakiya. Kwamfuta kuwa lasifika biyu gare ta. Idan an gaya mata tana da shida, sai ta aika zancen zuwa lasifikar da babu ita. Mayar da saiti zuwa kafa biyu yana sa ta cuɗa su duka a hagu da dama, magana ta dawo.

Idan fim ya fara lafiya sai bayan kimanin minti 20 murya ta ɗauke, saƙo ya fito a allo, wannan tarko ne da gangan. Sunansa Cinavia, wata alama da ake ɓoyewa a cikin sautin kansa, wadda aka wajabta wa na'urorin Blu-ray masu lasisi ganewa daga 2012. Idan na'ura ta ji alamar a kwafin da ba na asali ba, sai ta kashe murya.

Idan kuwa baki da magana sun saɓa, sai a duba ko tazarar tana nan yadda take ko tana ƙaruwa. Tazarar da ba ta canzawa ana gyara ta da matsar da sauti gaba ko baya a cikin manhaja. Wadda take ƙaruwa kuwa gadon zamanin PAL ce. Ana ɗaukar fim ɗin silima da hotuna 24 a daƙiƙa, amma domin ya dace da tsarin hotuna 25 akan ƙara masa gudu da kusan kashi 4 cikin 100. Idan aka ɗauko sautin wancan kwafi aka ɗora a kan wannan hoto, bayan awa guda tazarar ta kusa minti biyu da rabi.

Wannan na ƙarshe ya shafi wata sana'a da ta bunƙasa a Kano a shekarun 2010, wato fassara finafinan Indiya zuwa Hausa, wadda situdiyo irin su Algaita suka yi suna a kanta. Aikin mai fassara shi ne ya cire zancen asali, ya bar kiɗa da sauran sauti, ya ɗora muryar Hausa daidai da motsin baki. Kwafi mai kafa shida yana sauƙaƙa masa, tunda zancen yana kafa guda da za a iya rage ta. Idan fayil yana da layin sauti fiye da ɗaya kuma, mai kallo yana iya jin Indiyanci alhali Hausar tana layi na biyu tana jiran a zaɓe ta. A wata fuska, mai sharhin majigi ne ya dawo, sai dai yanzu yana zaune a cikin fayil.

Abin da ya rage a kan faifai

Duk wannan zai iya zama zancen masu gyaran kwamfuta kawai, ba don wani abu guda ba. Finafinan Hausa na shekarun 1990 da 2000 an fitar da su ne a kaset da VCD da DVD, kuma waɗannan ba su da tsawon rai. Zaren kaset yana kama danshi ya yi fumfuna. Faifan da aka ƙona a kwamfuta yana riƙe bayanansa ne a wani siririn rini da zafi da hasken rana suke lalatawa, a ƙasar da zafin bazara yake haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma take karce duk abin da ba a rufe ba. Na'urorin karanta su ma suna ƙarewa, sababbin kwamfutoci ba sa zuwa da wurin zura faifai. Abin da ya tsira a wayoyi da YouTube sau da yawa kwafi ne da aka matse har ya tsotse, an yanke farkonsa, an manna masa tambari, sautinsa ya zama kamar daga cikin rijiya.

An ga misalin abin da sakaci yake jawowa da kuma abin da adana yake ceto. Fim ɗin *Shaihu Umar*, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya salwanta. A 2016 aka gano zarensa a ma'ajiyar hukumar fim ta ƙasa, cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na birnin a 2018. Ya tsira ne domin zaren silima yana jure shekaru, kuma akwai hukumar da ta ajiye shi ko da ta manta da shi. Fim ɗin bidiyo ba shi da wannan gata. Asalin kwafinsa yana hannun mai shiryawa ko magadansa ko dillalin da ya bar sana'ar.

A nan cikakken kwafin faifai, wanda ake yi wa kallon abin takaici, yake zama abin ceto. Shi kaɗai ne yake riƙe faifai yadda aka fitar da shi, ba tare da sake matsewa ba: hotonsa, sautinsa, tallan da ke farkonsa, sunayen ma'aikata da ke ƙarshensa. Amma akwai tarko ga wanda bai san tarihin tsarin ba. DVD yana shiga ISO daidai. VCD kuwa ba ya shiga. Faifan bayanai na gama-gari yana ajiye bayit 2,048 a kowane yanki, ya bar sauran domin gyaran kuskure, shi kuwa VCD yana cusa bayit 2,324 na bidiyo a yankin, a kan layuka daban da na farko. Wanda ya kwafe shi a matsayin ISO yakan samu fanko ko gurɓataccen fim. Sai an yi masa kwafin ɗanye, irin mai fayil biyu da ake kira BIN da CUE, sannan a gwada shi daga farko zuwa ƙarshe da kunne a buɗe, a ajiye a wuri fiye da ɗaya.

Kwafa domin sayar da gumin wani ita ce ta karya kasuwar Ƙofar Wambai, kuma babu mai neman a maimaita ta. Kwafa domin adanawa, da izinin masu haƙƙi, aiki ne daban, wanda ya dace da masu shirya fim da ƙungiyoyinsu, da hukumar tace finafinai ta Kano da aka kafa a 2001 wadda finafinai suka riƙa bi ta hannunta, da ma'ajiyar fim da sauti ta ƙasa da ke Jos, da jami'o'i. Kayan aikin ba su fi ƙarfin sashen kwamfuta na jami'a irin ta Wudil ba: na'urar karanta faifai, ma'ajiya mai faɗi, manhajar kyauta, da mutanen da suka san bambancin akushi da abin da ke cikinsa.

Abin da za a ceto ya wuce nishaɗi. A cikin waɗannan faifai akwai Hausar Kano ta shekaru 30 da suka wuce, da karin maganarta da salon gaisuwarta, akwai muryoyin 'yan wasa da mawaƙa da yawa da suka riga mu gidan gaskiya, irin su Rabilu Musa Ibro wanda ya rasu a 2014. Hoton da ya dusashe ana iya gane mai shi. Barkwancin Ibro kuwa a harshensa yake, kuma faifan da ya ruɓe ba ya mayar da magana.